Zaɓen lardin Kebek na Kanada, Oktoban 2022: kashi 41 na ƙuri'a, kujera 90 cikin 125, wane irin lissafi ne wannan?

Baban Ummi (Montiriyal):
Salamu alaikum jama'a. Ni dai barci bai ɗauke ni da wuri ba daren jiya. Wannan ne zaɓen farko da na jefa ƙuri'a tun da na zama ɗan ƙasa, har sabuwar hula na kafa na tafi rumfa. An rufe rumfuna ƙarfe takwas, na ce bari in ɗora shayi in zauna in sha kallon ƙidaya har tsakar dare. Wallahi ban gama haɗa shayin ba gidajen talabijin suka ce jam'iyya mai mulki, Coalition Avenir Québec (CAQ), ta lashe da rinjaye. Wannan bai dame ni ba, kowa ya san shugabanta François Legault zai koma kujerar firimiya. Lissafin ne ya ɗaure min kai. CAQ ta samu kashi 41 cikin ɗari na ƙuri'u, aka ba ta kujera 90 cikin 125. Québec solidaire (QS) ta zo ta biyu a ƙuri'a da kashi 15 da ɗoriya, kujera 11. Parti Québécois (PQ), jam'iyyar masu son Kebek ta ɓalle daga Kanada, na bi mata da kashi 14.6, kujera 3 kacal. Libaral ce ta huɗu da kashi 14.4, amma kujerunta 21, kuma ita ce babbar jam'iyyar adawa a majalisa. Su kuwa 'yan mazan jiya na Éric Duhaime, kusan kashi 13, mutum fiye da 530,000 suka zaɓe su, ko kujerar tsugunno ba su samu ba. Masu ilimin cikinmu ku fahimtar da ni, ta huɗu ta yaya ta zama ta biyu?

Auwalu (Kano):
Wa alaikumus salam. Yaya ai ba sai an kira masu ilimi ba. Sunan wannan abu maguɗi. Ashe su ma sun iya, sanyi ne kawai ya fi namu.

Injiniya Sadiƙ (Toronto):
Auwalu, ko ƙuri'a ɗaya ba a sace ba, kuma cikin waɗanda suka faɗi babu wanda ya ce an sace. Takarda ce ake dangwala da fensir, a ƙirga da hannu a kan tebur, wakilan jam'iyyu na kallo. Abin da ya faru shi ne ba zaɓe ɗaya aka yi ranar Litinin ba, zaɓe 125 aka yi, kowace mazaɓa da nata. Wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa, ko da guda ɗaya ce, shi ya ci. Sauran ƙuri'un duk sun bi ruwa. Na zauna da safe na raba ƙuri'un kowace jam'iyya da kujerunta. CAQ, kujera ɗaya ta tsaya mata a kan ƙuri'a wajen 18,700. Libaral wajen 28,000. QS kusan 58,000. PQ kuwa sai da ta tara 200,000 kafin ta samu kujera guda. Libaral ta tsira ne don masu zaɓenta a dunƙule suke a tsibirin Montiriyal da kewayensa, unguwannin masu jin Turanci da baƙi. PQ nata a warwatse suke ko'ina, tana zuwa ta biyu nan, ta biyu can, ta biyu kuma ba ya cin komai.

Auwalu (Kano):
To ai gara maguɗin, aƙalla ka san wanda za ka tsine wa.

Malam Habu (Gatino):
Auwalu, kana dariya, amma wannan tsarin shi ne a gidanku. Ɗan majalisar tarayya na mazaɓarka ta haka ya shiga, wanda ya fi ƙuri'a shi ne. Daga Ingila muka gaje shi, mu da su. Bambancin kawai shi ne ku yanzu kuna zaɓen gwamna kai tsaye, har tsarin mulki ya ɗora masa sharaɗin samun kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. A nan babu wanda ya ga sunan Legault a takardarsa sai mutanen mazaɓarsa ta L'Assomption. Ya zama firimiya ne don jam'iyyarsa ta fi kujeru, kamar dai yadda Sardauna ya zama Firimiyan Arewa.

Tunda ma an ambaci Sardauna, bari in tuna muku zaɓen tarayya na 1959. NEPU ta Malam Aminu Kano ta tara ƙuri'a wajen rabin miliyan, ta tashi da kujera 8. NPC ta Sardauna ta samu 134, alhali NCNC ta Azikiwe ta fi ta yawan ƙuri'a a faɗin ƙasa. Gaskiya akwai dalili na daban a ciki, domin lokacin matan Arewa ba sa zaɓe, matan Kudu suna yi. Amma kukan da tsofaffin 'yan NEPU suka riƙa yi shi ne wanda Duhaime yake yi yau: ga jama'a a bayanka, ga filin taro ya cika, ranar rabo ka tashi hannu rabbana. Mahaifina ɗan NEPU ne, har ya rasu bai huce ba.

Baban Ummi (Montiriyal):
Allah ya jiƙansa Malam. To amma su da suka ci gaba, me ya hana su gyara?

Zainabu (ɗaliba, Montiriyal):
Baban Ummi, tambayar da ta fi ƙona min rai ke nan. An yi alkawarin gyarawa! A 2018, kafin ya hau, Legault da kansa ya sa hannu a yarjejeniya tare da PQ da QS da jam'iyyar masu rajin muhalli cewa duk wanda ya ci zai kawo tsarin da kujeru za su bi yawan ƙuri'a. Ya ci da kujera 74. A 2019 gwamnatinsa ta kai ƙudirin majalisa, daga nan aka bar shi ya mutu a aljihun tebur. Da aka tambaye shi a yaƙin neman zaɓen bana sai ya ce in ban da 'yan boko ƙalilan babu wanda abin ya dama. Firaminista Justin Trudeau ma haka ya yi wa Kanada baki ɗaya, ya ce zaɓen 2015 ne na ƙarshe da wannan tsari, 2017 ya lashe amansa. Wanda tsani ya kai shi sama ba zai sare tsanin ba. Mutum shida cikin goma na waɗanda suka fito ba su zaɓi CAQ ba, amma shekara huɗu za ta yi abin da ta ga dama.

Ɗan Maraɗi (Bos):
Salamu alaikum. Ni ina da ja kaɗan. Ku mutanen Montiriyal kuna magana kamar Kebek ta ƙare a bakin gada. Ni shekara biyar ina aiki a masana'anta nan yankin Beauce (Bos), baƙar fata a wurin aikinmu ba mu wuce goma ba. Mutanen da nike cin abinci da su kullum, rabi CAQ sunka zaɓa, rabi Duhaime. Ba dodanni ba ne. Wanda ya koya mini tuƙi bisa ƙanƙara har ya ba ni tsohuwar tayar sanyi kyauta, ɗan CAQ ne na a mutu. In ka tambaye shi dalili, ba ya kawo maganar baƙi. Zai ce maka lokacin korona kullum mutumin yana talabijin yana yi musu bayani da irin maganarsu, an ba su cak na dala 500 da bazara, an yi alkawarin wani kafin ƙarshen shekara, an ce za a rage haraji. Sannan ya gaji da rigimar a ɓalle ko kar a ɓalle da anka shekara hamsin ana yi. Legault tsohon ministan PQ ne, ya ce shi ba zai kira ƙuri'ar raba gardama ba, amma zai tsare Faransanci. Wanga shi ne abin da mutanen karkara ke so, sunka ba shi.

Masu Duhaime kuma haushin dokar hana fita da dare ne da kulle-kullen da anka yi. Nan Beauce kujeru biyu da 'yan ɗaruruwan ƙuri'u sunka kuɓuce musu. Yau da safe wurin aiki kamar gidan makoki ta ɓangarensu.

Maman Walid (Laval):
Ɗan Maraɗi, ban ce abokinka dodo ba ne, Allah ya saka masa da taya. Amma ni bari in gaya maka abin da kujera 90 take nufi a gidana. Na yi koyarwa shekara bakwai a gida kafin mu zo. Na zo nan na sake komawa aji, na bi duk matakan da suka ce, da goyo, da sanyi, da bashin karatu. Ina dab da gamawa aka kafa Doka ta 21 a Yunin 2019. Malamar makarantar gwamnati ba za ta sa hijabi ba, haka ɗan sanda, haka lauyan gwamnati. Waɗanda suka riga suka kama aiki an bar su, muddin ba su canza matsayi ba. Ni ban riga na kama ba. Kullum a labarai ana kukan babu malamai, ana ɗaukar waɗanda ba su da takardar koyarwa su riƙe aji, ni ga takarda a akwati ina rainon yara a wata makarantar reno. Kun tuna malamar da aka cire daga aji a garin Chelsea a Disambar bara saboda ɗankwalinta, yara da iyaye suna ɗaura ƙyallaye a shingen makaranta? Ni ranar ban iya cin abinci ba. Kuma dokar an ɗaure ta da wannan sashe na tsarin mulki da ke hana kotu taɓa ta, wanda ake sabuntawa duk shekara biyar. Sabuntawar za ta faɗo cikin wannan wa'adin. Da kujera 90 wa zai hana?

Hajiya Rabi (mai kula da zaure):
Allah ya kawo mafita Maman Walid. Jama'a a ci gaba, amma don Allah ban da zagi, kuma ban da turo hotunan da ba a san asalinsu ba. Na goge guda biyu.

Ɗan Maraɗi (Bos):
Maman Walid, wallahi ina tare da ke a wagga magana, matata ma tana sa hijabi. Ban zaɓi kowa ba ma, takardata ba ta kai ba tukuna. Abin da nike cewa, in muna son a sake dokar, sai mun san mi ya sa mutane ke bayanta. Tsofaffin nan sun taso coci na riƙe da lakwal da asibiti da komi, limamin coci na shiga gida yana tambayar mace don mi ba ta sake haihuwa ba. A shekarun 1960 sunka ture wanga duka. In sun ga alamar addini a aji, abin da sunka gudo shi suke gani. Ba daidai ba ne su ɗora mana laifin limamansu, amma daga nan abin ya fito.

Maman Walid (Laval):
Na sha jin wannan bayani. Gicciyen da ke saman kujerar kakakin majalisa sai 2019 aka sauke shi, na kan dutsen Montiriyal kuma yana nan yana haske kowane dare. Ni ban ce a cire ba. Amma a daina ce min tsoron addini ne kawai.

Injiniya Sadiƙ (Toronto):
Bari in jefa wani dutse a rijiyar nan, ku yi haƙuri. Zainabu, a ce an yi tsarin da kike so, kujeru su bi ƙuri'a sak. CAQ za ta samu wajen 51, QS 19, PQ 18, Libaral 18, Duhaime 16. Legault ba shi da rinjaye, sai ya nemi abokin tafiya. Wa zai nema? Ba QS ba, ba Libaral ba. PQ zai nema ko Duhaime. Dukansu biyu suna goyon bayan Doka ta 21. PQ ma cewa ta yi a rage baƙi zuwa 35,000 a shekara, ƙasa da 50,000 na Legault. Ki haɗa ƙuri'un jam'iyyun nan uku, sun haura kashi 68. Jam'iyyu biyun da suka nuna adawa da dokar, Libaral da QS, yanzu suna da kujera 32. A tsarinki za su samu 37. Ƙarin biyar ne fa. A ɗaya gefen kuma PQ ta tashi daga 3 zuwa 18, ta zama mai riƙe da wuyan gwamnati. Wannan tsarin da muke zagi shi ya ba jam'iyyar da yawancin unguwannin baƙi suka zaɓa matsayin babbar 'yar adawa, alhali ita ce ta huɗu. Matsalar Maman Walid ba lissafin kujeru ba ce. Mafi yawan masu zaɓe ne ke son dokar.

Zainabu (ɗaliba, Montiriyal):
Yaya Sadiƙ, lissafinka daidai ne amma ka ɗauka mutane za su yi zaɓe iri ɗaya ko da an canza tsari. Ba haka ba ne. Mutum nawa ne suka zauna a gida don sun san mazaɓarsu ta riga ta tafi? Kashi 66 ne suka fito. Mutum nawa suka zaɓi wanda ba sa so don tsoron wanda suka fi ƙi? Sannan ni ba don a ba ni abin da nake so nake neman gyara ba. Ba na shiri da Duhaime ko kaɗan, amma mutum rabin miliyan a ce ba su da murya ko ɗaya a majalisa, wannan zalunci ne ko a kan wa ya faɗa. Kuma wanda aka rufe wa ƙofar majalisa a titi zai yi magana.

Injiniya Sadiƙ (Toronto):
Wannan na ƙarshen na yarda da shi. Mu ma a Ontariyo watan Yuni haka aka yi: jam'iyyar firimiya Doug Ford kashi 41, kujera 83 cikin 124. Jam'iyyun adawa, NDP da Libaral, kusan kunnen doki a ƙuri'a, amma NDP 31, Libaral 8. Waɗanda suka fito ma ba su kai rabi ba. Ban ce tsarin yana da kyau ba. Cewa na yi kada mu ɗauka maganin ciwonmu ne.

Malam Habu (Gatino):
Ku biyun kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta gaskiya. Abin da zan ƙara, PQ da ke kuka yau ta sha daɗin wannan tsari. A 1998 Libaral ta fi ta ƙuri'a, amma PQ ta kafa gwamnati da kujera 76, Libaral 48. Lokacin Libaral ce ke cewa ƙuri'unmu sun taru a Montiriyal sun lalace. Kafin nan a 1973 PQ ta samu kashi 30 aka ba ta kujera 6, Libaral ta kwashe 102 cikin 110. Kowa in tsarin ya kwantar da shi sai ya ce a gyara, in ya ɗaga shi sai ya manta. Lardin Biritish Kolombiya sau uku suna kai maganar gaban jama'a. A 2005 kusan kashi 58 suka ce a canza, amma an sa sharaɗin kashi 60. Sau biyun da suka biyo baya jama'a da kansu suka ce a bar shi.

Ɗan Maraɗi (Bos):
Mu a Nijar ai tsarin da Zainabu ke so munka yi a zaɓen 2020. Kowace jiha jam'iyya na kawo jerin sunaye, a raba kujeru bisa yawan ƙuri'a, har da kujeru takwas na musamman don ƙananan ƙabilu. Ƙananan jam'iyyu na shiga majalisa, gaskiya ne. Amma ka tambayi mutumin ƙauyenmu wane ne dipitenka, sai ya yi ta kallonka. Uban jam'iyya ne ke rubuta jerin a Yamai, wanda ya sa a sama shi ya shiga. Bayan zaɓe kuma a shiga cinikin ƙawance, mai kujera uku ya ce sai an ba shi minista. Nan kuwa ofishin ɗan majalisarmu yana kusa da kantin da nike sayayya, na taɓa shiga kan maganar takardun iyalina, anka zaunar da ni anka saurare ni, ba a tambaye ni ko ina zaɓe ba.

Auwalu (Kano):
Ni duk wannan bai dame ni ba. Wanda ke da hanyar biza ya taimaka, ko share ƙanƙara ne zan yi.

Hajiya Rabi (mai kula da zaure):
Auwalu, an hana maganar biza a nan, ka sani. Kuma duk wanda ya biyo ka ta bayan fage ya ce ka turo kuɗi, ɓarawo ne.

Ɗan Garwa (birnin Kebek):
Na makara, aikin dare na yi. Ni abin da ya tsaya min a wuya ba kujeru ba ne, maganganun da aka yi kafin zaɓe ne. Ministan shige da fice da kansa, Jean Boulet, ya ce kashi 80 na baƙi Montiriyal suke tafiya, ba sa aiki, ba sa jin Faransanci, ko ba su rungumi ɗabi'un Kebek ba. Ya ba da haƙuri daga baya, Legault ya ce ba zai koma wannan ma'aikata ba. Amma shi Legault ɗin a ranar da maganar ta fasu ya ce karɓar baƙi fiye da 50,000 a shekara kamar al'umma ta kashe kanta ne. Ni a gidan tsofaffi nake aiki tun kafin korona. A bazarar 2020, lokacin da tsofaffi ke mutuwa kamar kaji, ma'aikata na gudu, wa ya tsaya? Ku shiga ku duba fuskokin masu wanke su da ba su abinci: 'yan Haiti, 'yan Kamaru, 'yan Kwango, 'yan Magrib. Lokacin mala'iku masu tsaro ake kiran mu. Faransancin da ake cewa ba ma ji, da shi na yi karatu tun daga aji ɗaya a Garwa. Kuma Boulet ya koma kujerarsa ta Trois-Rivières lafiya lau. Wannan ne ya nuna min cewa maganar ba ta ci musu komai ba.

Baban Ummi (Montiriyal):
Ɗan Garwa ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ku dubi taswirar da aka nuna jiya. Lardi duk launin CAQ, sai tsibirin Montiriyal kamar an ɗiga manja a tsakiyar tuwo. Kujera 27 ne a tsibirin, CAQ biyu ta samu. Ma'ana mutumin nan ya gano zai iya mulki ba tare da mu ba. Mazaɓata Libaral ke ci tun kafin a haife ni, ko na fita ko ban fita ba sakamako ɗaya ne. Hular da na kafa ma asara ce.

Malam Habu (Gatino):
Ba asara ba ce, ko don kuɗi. Hukumar zaɓe tana ba jam'iyyu tallafi duk shekara gwargwadon ƙuri'ar da suka samu, shi ya sa Duhaime bai tashi a tutar babu gaba ɗaya ba. Amma maganarka ta taswira ita ce zuciyar abin. Mu baƙi mun cunkushe a mazaɓun da an riga an san mai ci. Mai ci ba ya buƙatar lallashinmu, mai faɗuwa ba ya ɓata lokacinsa a kanmu. Ƙuri'ar Ɗan Maraɗi guda ɗaya a Beauce, ranar da ya samu takarda, ta fi ta mutum hamsin a yammacin Montiriyal nauyi. Wannan ma ba sabon abu ba ne. Daren ƙuri'ar raba gardama ta 1995, da masu son ɓallewa suka faɗi da ƙasa da kashi ɗaya da rabi, firimiya Jacques Parizeau ya hau mumbari ya ɗora laifin a kan kuɗi da ƙuri'un ƙabilu. Ina ƙasar nan lokacin, sabon zuwa. Aƙalla a wancan zaɓen ƙuri'ar kowa ɗaya take da ta kowa, shi ya sa tamu ta yi zafi har aka ambace mu.

Zainabu (ɗaliba, Montiriyal):
Baba Habu, ba duka ne labari mara daɗi ba fa. QS ta ƙwace mazaɓun Verdun da Maurice-Richard, kuma wanda ya ci Maurice-Richard, Haroun Bouazzi, Musulmi ne ɗan asalin Tunisiya da ya daɗe yana faɗa da Doka ta 21. Na yi ƙwanƙwasa ƙofofi a can sati uku, ƙafata har yanzu ciwo take. A Duplessis kuma Kateri Champagne Jourdain ta zama mace ta farko 'yar ƙabilun asali na ƙasar nan da ta shiga majalisar, duk da a CAQ take, na ji daɗi. Abin da ya ba ni haushi rashin kujerar Rouyn-Noranda da QS ta yi ne.

Ɗan Maraɗi (Bos):
Ƙanwata, rashin Rouyn ɗin shi ne darasinku. Kun zo kuna cewa za a ƙara haraji bisa manyan motoci masu shan mai. A Montiriyal mai jirgin ƙasa a ƙarƙashin gidansa zai tafa muku. Nan wanda ke tafiyar kilomita arba'in cikin ƙanƙara zuwa aiki, a-kori-kura ce ƙafarsa. Kwana biyu ana zancen a wurin cin abinci, daga nan ba wanda ya sake sauraren ku.

Zainabu (ɗaliba, Montiriyal):
An yi wa manufar sharri ne, akwai rangwame ga masu buƙata. Amma na yarda ba mu iya bayani ba.

Auwalu (Kano):
Tambaya ta gaskiya yanzu, Hajiya kar ki goge. Na ji an ce shugaban PQ sa'a ce ta ba shi kujera. Yaya abin yake?

Injiniya Sadiƙ (Toronto):
Wannan labarin zai ba ka dariya. A mazaɓar Camille-Laurin, kyamarar wani gida ta ɗauki 'yar takarar QS tana saka takardar tallarta a akwatin wasiƙa, ta zare ta PQ ta tafi da ita. Hoton ya bazu, ta ba da haƙuri, ta janye daga takara. Masu zaɓenta da yawa suka koma wa shugaban PQ, Paul St-Pierre Plamondon, ya kayar da ɗan CAQ mai riƙe da kujerar. Ba don haka ba, mai yiwuwa da shi ma yana waje kamar Duhaime.

Auwalu (Kano):
Takarda ɗaya? Ta talla? Ta janye? Mu nan a yage allon ɗan takara sukutum a ƙona, a kira shi zafin siyasa. Kai jama'a. Na janye maganar maguɗi.

Maman Walid (Laval):
Injiniya, na yi ta juya lissafinka tun ɗazu ina wanke-wanke. Ya yi min ɗaci amma ban samu inda ya karye ba. Kashi 68. Ke nan ko maƙwabciyata da muke gaisawa kullum, wadda ta kawo min miya da na haihu, wataƙila tana ciki. Ban taɓa gaya mata ni malama ce ba. Tana ganin raino ne sana'ata.

Ɗan Garwa (birnin Kebek):
Ki gaya mata, Maman Walid. Bayan harin masallacinmu na Sainte-Foy a Janairun 2017, da aka kashe mutum shida, dubban mutanen garin nan suka fito cikin sanyin da ke tsaga ƙashi suka tsaya tare da mu. Wasunsu na tabbata CAQ suka zaɓa jiya. Ni na kasa haɗa biyun a kaina, amma duka na gani da idona.

Maman Walid (Laval):
Mijina cewa yake mu tattara mu haye Otawa a lardin Ontariyo, can ba ruwan kowa da ɗankwalina, ga makarantun Faransanci suna neman malamai. Yara ne ba sa so, nan aka haifi biyu. Mun ce mu ga abin da kotun ɗaukaka ƙara za ta ce tukuna.

Malam Habu (Gatino):
In kun yanke shawara ku yi min magana, gada ɗaya ce tsakanina da Otawa, na san unguwannin da haya ke da sauƙi. Amma ki fara yi wa maƙwabciyar taki maganar.

Baban Ummi (Montiriyal):
Ɗan Maraɗi, yaushe takardarka za ta fito? Na ga alama kai ne mai ƙuri'a mai tsada a cikinmu.

Ɗan Maraɗi (Bos):
In Allah ya yarda baɗi nike ajiye takardun neman zama ɗan ƙasa, kafin zaɓen 2026 na shirya. Kuma masana'antarmu na neman ma'aikata, hayar gida rabin ta Montiriyal. Mai so ya taho mu zama goma sha ɗaya. Sai dai ku zo da yajinku da daddawa, nan ba a saida su.